Tsakanin Gawo da Gidan Gilashi: Wa Zai Rubuta Mai'aduwa ta 2075?

A shekarar 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara sa ƙafa a duniyar wata, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da wani ɗan littafi na Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda wata halitta ta ɗauka ta yi yawo da shi a sararin samaniya. Masana adabi sukan kawo littafin a sahun farko idan ana zancen ƙagaggun labaran kimiyya a Hausa. Yau fiye da shekara hamsin ke nan, amma in ka je wurin masu sayar da littattafai kana neman 'yan'uwansa, da wuya ka cika yatsun hannu ɗaya.

Ba rashin marubuta ne ya jawo haka ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, har zuwa yau da ake karanta littafi a WhatsApp ana kuma sauraron sa a YouTube, an rubuta soyayya da kishi, an rubuta aljanu da sarauta da ta'addanci. Mun iya jiya, mun iya yau. Gobe ce muke jin nauyin taɓawa. Wani zai ce ai gobe ta Allah ce, kuma haka ne. Sai dai manomin da ya fi kowa faɗin wannan magana shi ne kuma yake ware damin iri ya ɓoye a ƙuryar rumbu, ya hana a taɓa shi ko da tuwon dare ya yi ƙaranci. Tanadin gobe bai taɓa zama jayayya da ƙaddara ba a ƙasar Hausa.

A wasu ƙasashe kuwa, akwai reshe guda na adabi da ya duƙufa a kan wannan tambaya: yaya duniya za ta kasance idan mutum ya daina yaƙi da muhallinsa? An daɗe labaran kimiyya suna zana gobe mai ban tsoro, biranen da hayaƙi ya turnuƙe, injuna sun mallaki mutane, kamfanoni sun fi gwamnatoci ƙarfi. Sai wasu suka gaji da wannan duhu. A 1975 Ba'amurke Ernest Callenbach ya rubuta Ecotopia, labarin wani yanki da ya ɓalle daga Amurka ya shimfiɗa rayuwar da ba ta cin ƙasa fiye da abin da take mayar mata. Ursula Le Guin ta bi wata hanyar a Always Coming Home na 1985. A 2012 aka buga wani kundin gajerun labarai a Barazil ɗauke da sunan da salon ya shahara da shi daga baya, wato solafank, sunan da aka ciro daga hasken rana. Ni na fi son in kira shi adabin koriyar gobe. Afirka ma ba a bar ta a baya ba: a 2009 Wanuri Kahiu 'yar Kenya ta shirya gajeren fim mai suna Pumzi, inda wata mata ta gudu daga birnin da aka rufe a ƙarƙashin ƙasa bayan yaƙin ruwa, ta ratsa hamada don ta dasa tsiro ɗaya tak.

Hujjar masu wannan salo mai sauƙi ce, kuma na yarda da ita. Al'ummar da kullum ake nuna mata halaka takan saduda, ta naɗe hannu. Ba a gina ɗakin da ba a fara zana shi a zuci ba.

Inda nake rabuwa da su shi ne wurin hotunan. Duk mai bibiyar intanet ya ga irinsu: dogayen benaye na gilashi, ganye na zubowa daga kowace taga, jirgin ƙasa na shawagi a tsakanin bishiyoyi, ƙorama na gudu a tsakiyar titi. Ba ƙage ba ne gaba ɗaya, domin a birnin Milan na Italiya an kammala wasu benaye biyu a 2014 masu ɗauke da ɗaruruwan bishiyoyi a barandarsu. Amma ka ƙura wa hoton ido da kyau. Babu akuya a ciki, babu jaki, babu ƙurar hunturu, babu matar da ke tunanin icen da za ta ɗora sanwa da shi. Kuma ba a taɓa nuna wanda ke ba shukokin ruwa. A ƙasar Daura ruwan sama na kusan wata huɗu ne, sauran takwas rani ne. Koren da sai famfo ya yi ta aiki dare da rana kafin ya rayu, a wurinmu ba zaman lafiya da muhalli ba ne, wani sabon bashi ne aka ci a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Akwai kuma wani abu da mai zane a Turai ba zai hango ba. A wurinsa duhun daji alama ce ta kwanciyar hankali. A jihar Katsina ta yau, kalmar daji tsoro take sa wa. Dajin Rugu, wanda hukuma ta keɓe tun zamanin Turawa don ta kare shi daga mutane, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A ƙarshen watan Agustan 2021, dokar da gwamnatin jiha ta kafa don daƙile su ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Mai'aduwa, wadda take nesa da Rugu amma ta sha nata kason na wahalar. Wanda ya ga kara babu shanu ranar Lahadi a Mai'aduwa ba zai ƙara ɗaukar daji marar mutane a matsayin aljannar duniya ba. Idan za mu yi mafarkin koriyar gobe, namu koren dole ya kasance da mutane a cikinsa, da gonaki, da garke.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka cewa ƙagaggen labarin gobe abin nishaɗi ne kawai. Wannan yanki namu ya shafe kusan shekara casa'in yana rayuwa a ƙarƙashin wani labarin gobe da wani ya rubuta masa. A 1934 wani farfesan ilimin gandun daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da rani. Ya ga ƙasa fayau, ya ga yashi, ya koma gida ya wallafa maƙala a 1935 yana gargaɗin cewa Sahara na tahowa kudu za ta cinye ƙasar noma, ya kuma ba da shawarar a kafa shingen itatuwa don a tare ta. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi kan iyakar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa hamada na tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wurare daban-daban, gwargwadon yadda aka yi amfani da ita.

Rahoton kwamitin ya kwanta a kabad. Labarin Stebbing kuwa ya rayu, saboda ya fi daɗin faɗi: ga abokin gaba, ga ganuwa, ga jarumi mai dashe. Har gobe za ka ji jami'i a ranar dashen itatuwa yana maimaita cewa hamada na cin mita 600 na ƙasarmu a kowace shekara, kamar wani ya tsaya da igiyar awo a bakinta. Hotunan tauraron ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa gefen Sahara yana matsowa ya kuma ja baya gwargwadon damina. Duk da haka, siffar ganuwa ce ta ci gaba da jan kuɗi. A 1987 aka fara shirin dashen itatuwa na Katsina da tallafin Tarayyar Turai ta wancan lokaci, kuma layukan darbejiya da turare da ake gani a arewacin jihar da yawansu gadonsa ne. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma ta musamman a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna cewa abin da aka cim ma a yankin ganuwar bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 na burin ba.

Ba ina raina dashe ba ne. Na sha inuwar darbejiyar da wani ya dasa, kuma shingen itatuwa na rage ƙarfin iska a gona. Sai dai kowa ya san yadda bikin dashe yake ƙarewa: a dasa a watan Agusta gaban kyamara, a watan Maris akuya ta gama da abin da rana ta rage. Tsiron da ba na kowa ba, babu mai kewaye shi da ƙaya.

Abin mamakin shi ne, gobe irin wadda marubutan can suke mafarki ta riga ta fara tsirowa a ƙofar gidanmu, ba tare da gilashi ko ganuwa ba. Ka tashi daga Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, ka tsallaka Ɗan Barto, ka miƙa hanyar Matamaye. Hausa ɗaya ake yi, gero ɗaya ake shukawa, aure ma ana yi tsakanin juna. Amma gonakin da ke gefen hanya cike suke da gawo, manya da ƙanana, har wani wurin ka ce lambu ne. Yankunan Matamaye da Magarya da Mirya a jihar Damagaram suna daga cikin wuraren da manoma suka fi farfaɗo da itatuwa a duk faɗin Sahel. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou, waɗanda suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi suka kuma taka gonakin da ƙafa, sun ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma hakan na ƙara kimanin tan 500,000 na hatsi a shekara. Akwai wani abu a bincikensu da ya kamata ya hana mu barci: a wasu hotunan, ana iya gane inda iyakar ƙasashen biyu ta bi ta hanyar yawan itatuwa, kuma ɓangaren da ya fi fari shi ne namu, mu da muka fi su ruwan sama da kuɗi.

Yadda abin ya faru ya fi kowane ƙagaggen labari daɗi. Bayan farin 1973 da na 1984, an kashe kuɗi mai yawa a Nijar wajen renon tsirrai da dasa su, mafi yawansu suka mutu. Wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi yana cikin masu wannan wahala. A 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda manomi ke sassabewa kowace bazara, ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙasa, kowace shekara suna toho ana sake datse su. Dabarar ba ta wuce a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a rage sauran, a riƙa yi musu aski ba. Saiwar da ta riga ta kai ga danshi ba ta bukatar bokiti. Manoman Maraɗi suka sa wa abin suna sassabin zamani.

Labarin bai tafi sumul ba, kuma wannan ne ɓangaren da masu tallata shi kan tsallake. A lokacin yunwar 1984 an haɗa dabarar da rabon abinci, wanda ya bar itace a gonarsa a ba shi hatsi. Da rabon ya ƙare, da yawa suka koma suka sare abinsu. Waɗanda suka bari ne suka zama hujja, domin maƙwabta sun ga geronsu bai ragu ba, iska ba ta binne musu shuka ba, matansu kuma sun daina tafiyar rabin yini neman ice. Daga nan abin ya yaɗu daga gona zuwa gona, ba da takarda ba. A ƙasar Damagaram kuwa manoma sun koma ga gawonsu ne da sanin da suka gada, ba sai wani ya koya musu ba. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa da ramukan taki.

Shi gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Da a ce wani marubuci ne ya ƙago shi, da an ce ya cika zuƙi ta malle. Itace ne mai yin abinsa a baibai: da damina, lokacin da gero ke bukatar rana, sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa, su kuma su bar kashinsu a gindinsa. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da ake sayen takin zamani dominsa. 'Ya'yansa abincin tumaki da awaki ne, har auna su ake yi a kasuwa. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi tsawo da kauri. Injin da ke yin taki, ya yi harawa, ya yi inuwa, ya kashe kansa daidai lokacin da ba a bukatarsa, ba ya shan mai, ba ya neman bakanike: wace na'ura ce a littattafan Turawa ta kama ƙafarsa?

Sarakunan da suka gabata sun san darajarsa. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimu na ƙarni na 19 da tsananin hukuncin da ya tanada ga mai sare gawo. Amma darasin da ya fi amfani yana cikin abin da ya biyo baya. Dokar gandun daji ta Faransawa ta 1935, da wadda ta gaje ta bayan 'yancin kai, sun mayar da itatuwa mallakar hukuma. Manomi na iya shan tara a kan reshen da ya sare a gonarsa ta gado. Mai hankali sai ya kashe tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa malamin daji. Da ƙarfin hukuma ya ragu a shekarun 1980, manoma suka fara jin cewa itacen nasu ne, sai itace ya dawo. Daga baya doka ta bi sawun jama'a, aka gyara ta a 2004. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa da mata da Fulani makiyaya, saboda sun gane cewa wanda aka ware daga shawara shi zai zo da gatari da dare.

Ashe dai koriyar gobe ba ta fara da iri ko ruwa ba. Ta fara ne da amsar tambaya ɗaya: na wane ne itacen?

A namu ɓangaren ma an gwada. Kimanin shekara goma da suka wuce, wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa ƙungiyar Oxfam ta gudanar ya kawo sassabin zamani da murhu mai tsimin ice zuwa ƙananan hukumomi bakwai: Baure, Daura, Dutsi, Mai'aduwa, Mashi, Sandamu da Zango. Amma shiri yana da ranar farawa da ranar rufewa, gawo kuwa sai ya shekara goma kafin ya fara biyan wahalarsa. Abin da zai riƙe shi a tsakani ba alawus ba ne, sha'awa ce. Sai yaron da ya gama sakandare a Mai'aduwa ya iya hango kansa yana ɗan shekara hamsin, mai rufin asiri, a cikin gona mai itatuwa, ba a bakin titin Legas ko a sahara kan hanyar Agadas ba. Hoton da ke kansa yanzu na ci gaba shi ne bulo da kwano da janareta. Wa ya zana masa wani?

Nan ne aikin marubuci yake, kuma kayan aikin a zube suke. Sunan garin kansa ya isa buɗe littafi. Aduwa itace ne mai ƙaya da ba ya jin fari, ana shan 'ya'yansa, a matse mai daga ƙwallonsa, a sassaƙa allo da icensa. Kakanninmu da itatuwa suke yi wa wuri suna: Rimin Gado, Kurna, Ɗorayi, Magarya. Taswirarmu kundin itatuwan da suka taɓa tsayuwa ce. Ga kuma fasahar sanyaya ɗaki ba da lantarki ba. Soron tubali da azara ya fi ɗakin kwano sanyi a watan Afrilu, wannan ko yaro ya sani, amma mun mayar da ginin ƙasa alamar talauci. Su kuwa masana gini na duniya sun ba masallacin Yama da ke jihar Tawa lambar yabo ta Aga Khan a 1986, aikin magini Falke Barmu, kuma a 2022 Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya yi suna da ginin laka, ya karɓi babbar lambar Pritzker. A Jigawa, malami Mohammed Bah Abba ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, sai ga firji marar waya da ke riƙe kayan miya kwanaki masu yawa. Aka ba shi lambar Rolex a 2000. Randar da ke kusurwar ɗakin kakarka ƙanwar wannan kimiyya ce.

Hasken rana ma ya shigo, kuma ba ta ƙofar da aka zata ba. A Lambar Rimi an kafa injinan iska 37 masu ƙarfin megawat 10, aka shafe fiye da shekara goma ana jiran su haska gari. Faifan sola kuwa ya lallaɓo ne ta hannun mai cajin waya da mai sayar da ruwan sanyi da mai noman rani. Wahala ce ta yi masa talla. A watan Nuwamban 2019 aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, garuruwa irin su Mai'aduwa suka ɗanɗana kuɗarsu. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, farashi ya ninka. Manomin da ya sayar da sa ya sayi famfon sola bai taɓa jin kalmar solafank ba, lissafi kawai ya yi. Kuma marubuci mai ido zai hango matsalar da ke tafe: famfon da ba ya cin kuɗin mai babu mai kashe shi, ruwan ƙasa kuma ba ya ƙaruwa don rana ta fito. Ranar da rijiyoyin unguwa za su ƙafe saboda lambun mai kuɗi, ranar ce babi na biyu zai fara.

Wasu sun riga sun fara rubuta mu. Nnedi Okorafor, 'yar asalin ƙabilar Ibo haifaffiyar Amurka, ta kafa labarinta The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070. A littafinta Noor na 2021 kuwa, arewacin Nijeriya ne filin wasan: wata gagarumar guguwar yashi da ba ta lafawa, kamfanin da ke tatsar lantarki daga iskarta, da wani Bafulatani makiyayi da aka ɗora wa laifin da bai aikata ba. Littafi ne mai kyau, kuma ta yi wa makiyayin adalcin da jaridu da yawa ba su yi masa. Amma Arewar da ke ciki ta riga ta zama yashi. Jikar labarin Stebbing ce, ko da marubuciyar ba ta nufa ba. Haka Dune na Frank Herbert, wanda matasanmu suka sani ta finafinan 2021 da 2024: mutanen hamada ne masu mafarkin korar yashi, amma masanin da ya dasa musu mafarkin baƙo ne. Ba na ganin laifin kowa a cikinsu. Wanda bai ba da labarin gidansu ba, ba shi da bakin ƙorafi in baƙo ya bayar.

Abin da nake gudu shi ne marubucinmu ya ɗauko salon ya yi masa wa'azi, ya zana garin da kowa ke murmushi, manomi da makiyayi suna rungume da juna. Zaman lafiya da muhalli bai taɓa nufin rashin rigima ba. Tsohuwar yarjejeniyar da ke tsakanin gona da garke, inda Bafulatani ke sauka a gona bayan girbi shanu su ci kara su bar taki, a sallame shi da dami, ba ƙauna ce ta haife ta ba. Bukata ce, da ciniki, da burtali da kowa ya san iyakarsa, da mai gari da ake jin maganarsa. Takin zamani ya zo ya rage darajar kashin shanu, kara ya zama abin sayarwa, burtali ya zama gona, muka ga abin da ya biyo baya. Labarin da zai amfane mu shi ne wanda zai nuna yadda za a sake ƙulla irin wannan ciniki da sababbin sharuɗɗa, da wanda zai ci riba, da wanda za a bari yana cizon yatsa.

Ga irin littafin da nake son in saya. Shekarar 2075 ce, ranar Lahadi, kasuwar Mai'aduwa ta cika. Rumfunan kara an rufe su da faifan sola, shanu na shan inuwa a ƙarƙashi. Daga hasumiyar masallaci ba ka iya gane inda Nijeriya ta ƙare Nijar ta fara, gawo ya haɗe. A zauren hakimi ana shari'a. Wata gwauruwa ce, mijinta ya karɓi jinginar wata fako shekara talatin da suka wuce, ƙasar da ko tsiro ba ta fitarwa, ya yi ta sassabin zamani har ta zama gona mai gawo arba'in. Yanzu jikokin mai gonar sun kawo kuɗin kakansu suna son abinsu, da ƙasar da itatuwan. Ga wani makiyayi a gefe, ubansa ya yi yarjejeniyar baki da marigayin cewa 'ya'yan gawon na garkensu ne duk rani, a madadin taki. Ga kuma wakilin wani kamfani daga ƙetare riƙe da takarda: sun biya kuɗin iskar da itatuwan ke zuƙewa har shekara hamsin, tauraronsu na ƙirga kowane reshe, kuma ba a yarda a datse ko ɗaya ba, ko da na girki ne. Matar ba ta iya karanta takardar ba, amma ta san ranar da aka bar kowane itace, domin da sunayen 'ya'yanta take kiran su. Hakimi ya dubi malamin daji, malamin daji ya dubi na'urarsa, ita kuma na'urar ta ce a jira, hazo ya rufe tauraron.